Bawan da Aka Ba Talanti Biyu

Karatu: Matiyu 25:14-30

Wannan magana taka ce idan kana cikin waɗanda ba a taɓa kiran sunansu ranar rabon kyaututtuka a makaranta ba. Ba ka taɓa zuwa na ɗaya ba, ba ka kuma taɓa zuwa na ƙarshe ba. Katin sakamakonka yakan ajiye ka a tsakiyar aji, inda malamai ba sa kuka da mutum, ba sa kuma yin alfahari da shi. Duk da haka akwai wani buri a zuciyarka wanda kake jin nauyin faɗarsa a gaban jama'a: kana so ka zama injiniya. Duk sa'ad da motar Gaya ta hau gadar Wudil a kan hanyarta ta zuwa Kano, sauran fasinjoji sukan leƙa ruwa da masu ɗiban yashi, kai kuwa hankalinka yana kan gadar kanta, kana tambaya a ranka yadda aka yi take ɗaukar nauyin manyan motoci dare da rana ba ta gaji ba. In kuwa 'yar'uwa ce ke karanta wannan, ki sani duk inda na ce kai, har da ke nake.

Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: daidai ne mai matsakaicin ƙoƙari ya jefa kansa cikin gasar da masu hazaƙa ma suke shan wuya a cikinta? Bangaskiya ce wannan, ko kuwa rashin sanin matsayin kai? Kada ka ɗauki tambayar da wasa, gama abubuwa masu tsada sun rataya a kanta. Akwai kuɗin rajista wanda wataƙila sai an sayar da buhun gero ko akuya kafin a same shi. Akwai shekara guda ta ƙuruciyarka wadda ba za ta komo ba. Akwai kuma amincin zuciyarka, wanda za a gwada shi a kan hanya fiye da yadda kake zato.

Bari mu fara da sanin girman abin da ke gabanka, gama Ubangijinmu ya koyar a Luka sura 14 cewa mai niyyar gina hasumiya ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta abin da ginin zai ci. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce take shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, kuma tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Mai neman karatun injiniya darussa huɗu yake rubutawa: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Tambayoyin 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma awa biyu ake bayarwa. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Jimlar maki 400 ne. Bayan wannan ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da waɗannan darussa huɗu, sa'an nan jami'a ta yi nata tankaɗe da rairaya. Ko Jami'ar Bayero ta Kano ka nufa, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyarku, za ka tarar masu nema sun fi guraben yawa.

A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka rubuta wannan jarrabawa, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Wannan adadi yana iya karya zuciya, amma ka sake dubansa da kyau. Yana nuna cewa ƙofar ƙunƙunta ce, haka ne. Yana kuma nuna cewa yawancin waɗanda za ku zauna tare a ɗakin jarrabawa irinka ne. Masu hazaƙar da ba sa bukatar maimaita karatu 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba za su iya cika dukan ajujuwan injiniya na ƙasar nan ba. Yawancin kujerun, matsakaita ne za su yi takara a kansu, abin da zai raba tsakaninsu kuwa shi ne yadda kowa ya yi da abin da ke hannunsa cikin watannin da suka gabaci ranar.

A nan ne misalin da muka karanta yake da abin faɗa maka. Ka san labarin. Wani maigida zai yi tafiya, ya kira bayinsa uku ya danƙa musu dukiyarsa: ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda. Na farko da na biyu suka juya abin da aka ba su har ya riɓanya. Na uku ya haƙa rami ya binne nasa. Masu wa'azi sukan daɗe a kan mai biyar, domin ya zama abin koyi, su kuma daɗe a kan mai guda, domin ya zama gargaɗi. Na tsakiya kuwa akan wuce shi da sauri, kamar dai yadda ake wuce ka a aji. Amma Ubangiji bai sa shi cikin labarin a banza ba. Da masu biyar da masu guda kaɗai ne a duniya, da bayi biyu sun isa misalin.

Ka lura da abu na farko: maigidan ya raba dukiyar gwargwadon iyawar kowane bawa. Ya san su sarai. Da ya ba na tsakiya biyu, bai yi kuskure ba, bai kuma yi masa rowa ba. Talanti ɗaya a wancan zamani ya kai kimanin dinari 6,000, dinari guda kuwa shi ne ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya. Wato talanti biyu sun kai abin da lebura zai tara cikin shekara arba'in na aiki, in bai ci ko anini ba. Abin da muke kira kaɗan idan muka jera shi kusa da biyar, dukiya ce mai yawan gaske idan aka dube ta ita kaɗai. Haka ƙwaƙwalwarka take. Kana karatu da rubutu cikin harsuna biyu, kana warware lissafin da zai gagari yawancin mutanen da kake gaisawa da su a kasuwar Gaya. Kwatanta kanka da na ɗaya a aji ne ya sa ka raina abin da aka ba ka.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Sa'ad da maigidan ya komo, mai biyar ya kawo goma, mai biyu ya kawo huɗu, amma yabon da aka yi musu iri ɗaya ne, kalma da kalma, haka kuma ladan. Ba a tambayi na tsakiya dalilin da ya sa bai kawo goma ba. Abin da aka yaba a wurinsu duka biyu shi ne aminci. Ka kuma tuna cewa wannan bawa yana da dalilin yin kishi, domin a gabansa aka ƙirga wa ɗan'uwansa biyar. Da ya ga dama da ya zauna yana lissafin ukun da ba a ba shi ba har maigida ya komo. Bai yi haka ba, ya ɗauki biyunsa ya nufi kasuwa.

Gaskiya ne, Ubangiji bai ba da wannan misali domin jarrabawar JAMB ba. Yana magana ne a kan zaman shiri kafin komowarsa. Amma duk wata baiwa da ke hannun mutum amana ce daga wurin Allah, hankali ma yana ciki, don haka ma'aunin da ke cikin misalin ya shafi teburin karatunka. Akwai kuma hanyar binne talanti wadda ta keɓanta ga matsakaicin ɗalibi. Ba da fartanya ake yin ta ba, da baki ake yi. Mutum yakan ce, ni ba ni da kan lissafi, ko ya ce, irin wannan karatu ba na irinmu ba ne. Mai ji sai ya ɗauka tawali'u ne. Sau da yawa kuwa tsoro ne ya yafa mayafin tawali'u, gama wanda bai gwada ba, ba wanda zai ce ya fāɗi. Bawan nan na uku da bakinsa ya amsa cewa tsoro ne ya sa shi haƙa rami, ya kuma ɗora laifin a kan halin maigidansa. Ka bincika zuciyarka, ko kai ma ka fara haƙa irin wannan rami tun kafin a buɗe rajista.

Kai da ka tashi a ƙasar Gaya kana da wani abin tunawa wanda ya kamata ya ƙarfafa ka. Tarihin baka na Kanawa ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya je gindin dutsen Dala neman tama, ya zauna a can, har gari ya ci sunansa. Zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa. Masu binciken kayan tarihi kuma sun sami alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Ashe sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasarku. Da aka zo wannan zamani, gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, domin 'ya'yan jihar, na birni da na ƙauye, su zama likitoci da injiniyoyi. Daga baya Gaya ma ta sami tata, wadda take ɗauke da sunan Maitama Sule. Ko a can ka yi karatu ko a wata makarantar jeka-ka-dawo ta wajen Ajingi, hanyar da kake so ka bi, wasu sun riga sun taka ta.

In kana so ka ga yadda ake juya talanti biyu, ka je maƙera ka zauna na awa ɗaya. Maƙeri ba ya fitar da garma da bugu guda. Yakan sa ƙarfe a wuta, ɗan zuga yana ta aikinsa, ya ciro shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga, ƙarfen ya huce, ya mai da shi wuta. Haka zai yi ta yi har abin ya ɗauki siffa. Yaron da ke koyo kuwa a kan zuga-zugi yake farawa, ya daɗe a nan kafin a ba shi masaba. Akwai ƙarfen da yake saurin laushi, akwai wanda sai an yi ta mai da shi wuta, amma manomi da ya sayi garma ba ya tambayar sau nawa aka buga ta. Abin da ya dame shi shi ne ta yi huɗa. Mai hazaƙa yana gane darasi a karo na farko, kai sai a na uku ko na huɗu. Ranar jarrabawa kwamfuta ba za ta tambaye ka a karo na nawa ka gane ba.

To, yaya amincin nan yake idan aka sauko da shi kan tebur? Yana farawa da faɗa wa kai gaskiya. Ka nemi manhajar da JAMB ta tsara ta darussan nan huɗu, ka bi ta layi layi, ka raba batutuwan kashi uku: waɗanda ka sani, waɗanda ka ɗan sani, da waɗanda ba ka taɓa ganewa ba. Kada ka yi wa kanka alfarma a wannan rabo. Sau da yawa za ka tarar ciwon yana can baya. Wanda fiziks yake ba shi wuya, in an bincika, sauya fasalin jimlar aljabara ne bai iya ba, ko kuwa kasafin ɓangarori na ƙaramar sakandare ne bai zauna masa ba. Komawa littafin aji biyu kana da shekara goma sha takwas yana da ɗaci, amma wannan ne tawali'u na gaske. Gini in ya tsage, tushe ake dubawa.

Sa'an nan ka yi wannan ɗan lissafi, zai kwantar maka da hankali. Kowane darasi maki 100 yake da shi. Mai neman 250 yana bukatar kimanin amsa 25 daidai cikin 40 a lissafi da fiziks da kemistiri, da kimanin 38 cikin 60 a Turanci. Ba a ce sai ka san kome ba. Ana so ka riƙe abin da ka sani da ƙarfi, har ka iya fito da shi cikin daƙiƙa 40. Saboda haka ka yawaita warware tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, ka kuma keɓe littafi guda domin kurakuranka kaɗai, kana rubuta kowace tambaya da ka fāɗi tare da dalilin faɗuwar, kana komawa gare shi kowane mako. Awa biyu da asuba kullum, tun daga hunturu har zuwa bazara lokacin da akan yi jarrabawar, sun fi kwana uku ba barci a makon ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma hannunka bai saba da kwamfuta ba, ka nemi inda za ka taɓa ta tun da wuri, ka shiga jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa, kada ranar gaske ta zama ranar farko da za ka zauna gaban allonta.

Kada ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. A ajinku akwai wanda ya fi ka kemistiri, kai kuma ka fi shi Turanci. Ko Kirista ne ko Musulmi, maƙwabcinka ne, ka je ka ce ya koya maka, kai ma ka koya masa. Yawancin abokan karatunka a Gaya Musulmi ne, kuma zaman da za ku yi a kan tabarma ɗaya kuna fama da tambaya ɗaya, cikin gaskiya da girmama juna, shi ma shaida ce. Kunyar tambaya ta hana mutane da yawa ilimi fiye da yadda ƙarancin basira ya hana su.

Game da addu'a kuwa, ka yi ta kullum, amma ka san abin da kake roƙo. Akwai matasan da suke kai biro a sa masa albarka alhali littafinsu ya yi ƙura. Allah ba ya tuna wa mutum abin da bai taɓa karantawa ba, kamar yadda ba ya tsirar da gero a gonar da ba a yi shuka ba. Manomi mai bangaskiya yana roƙon ruwa, yana kuma yin huɗa da noman firi da maimai. Ka roƙi natsuwa da lafiya, da ƙarfin tashi da asuba, da zuciyar da ba za ta karkata ba. Ka kiyaye ranar hutu da sujada, domin kan da bai huta ba ba ya riƙe karatu. Kada kuma ka mai da jarrabawa hujjar ƙin taimakon iyaye a gida da gona.

Yanzu na zo ga wurin da na fi jin tsoro dominka. Wata rana, kafin WAEC ko NECO ko JAMB, wani zai matso kusa da kai ya rage murya. Zai ce akwai wata cibiya inda ake taimakon ɗalibai, ko akwai wanda zai iya zama a madadinka, ko wanda zai ƙara maka maki bayan an fitar da sakamako. Ka sani kai ne ainihin kasuwar irin waɗannan mutane. Mai hazaƙa ba ya bukatarsu, wanda ya fid da rai kuma ba ya nemansu. Matsakaici, wanda yake ganin maki ashirin ko talatin ne kawai tsakaninsa da burinsa, shi ne ya fi saurin miƙa hannu. Da yawa cikinsu 'yan damfara ne, za su ci kuɗinka su ɓace. Amma ko da abin da suka yi alkawari zai tabbata, ka tsaya ka yi tunani a kan irin sana'ar da kake nema.

Aikin injiniya aiki ne da rayukan mutane suke hawa kansa. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya faɗo wa ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22. Na kawo waɗannan domin ka ga nauyin abin da ake danƙa wa duk mai hannu a gini. Siminti da rodi ba su san takardar shaida ba, lissafin gaskiya kaɗai suke amsawa. Wanda ya koya wa kansa tun yana sakandare cewa ana iya sayen sakamakon da ba a yi aikinsa ba, me zai hana shi sa hannu a kan ginshiƙin da bai auna ba sa'ad da ɗan kwangila ya rage masa murya? Shekara biyar ake yi ana karatun injiniya a jami'a, kuma lissafin da ka tsallake da kuɗi yana can yana jiranka tun a shekarar farko. Kayan aro ba ya rufe katara. Bawan da ya saci talanti uku domin ya yi daidai da mai biyar, ba abin da zai iya miƙa wa maigida da fuska a sake. Maki 190 naka na kanka sun fi 290 na sata daraja a gaban Allah, ko da su ba su buɗe maka ƙofar jami'a a bana ba.

Na san abin da za ka iya ce mini, kuma kana da gaskiya a ciki. Za ka ce gasar ba ta adalci ba ce. Ɗan birni yana da malamin gida, da wutar karatu, da kwamfuta a ɗaki, kai kuwa da fitilar waya kake karatu, wataƙila ma an yi zango guda ba ku ga malamin fiziks ba. Haka ne, ba kuma zan shafa wa wannan zuma ba. Maki ba ya auna baiwa kaɗai, yana auna har da abin da aka shimfiɗa wa mutum. Ma'aunin kansa ma na mutane ne, yana iya kuskure. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Saboda haka kada ka bar wata lamba da ta shigo wayarka ta gaya maka darajarka. An riga an tsai da darajarka a wani wuri dabam, tun kafin ka san baƙi. Wannan rashin daidaito kuma kira ne ga ikkilisiya. In akwai fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin sujada, me zai hana a buɗe shi da dare domin masu karatu? In akwai malami ko ɗan jami'a a cikin jama'a, awa biyu na ranar Asabar da zai ba ƙannensa, shi ma juya nasa talantin ke nan.

Saura tambaya mafi wuya: in ka yi dukan wannan da aminci, sa'an nan ba ka samu ba fa? Ba zan yi maka alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Aminci ba ya tilasta wa jami'a ta ba ka gurbi. Mai yiwuwa ne ka yi iyakar ƙoƙarinka sunanka bai fito ba. In haka ta faru, ka yi baƙin ciki, ba laifi, amma kada ka ce kome ya ƙare. Ana iya sake zama a shekara mai zuwa. Ana iya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Jihar Kano, ko ta Kaduna, ko ta tarayya da ke Kazaure, a yi difloma ta shekara biyu, daga nan a ci gaba zuwa babbar difloma ko a nemi shiga jami'a kai tsaye. Akwai kuma shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi. Sai dai ka zauna da iyayenka tun yanzu ku yanke sau nawa za a gwada, da abin da gida zai iya ɗauka, domin kana da ƙanne, su ma suna da rabo a rumbun nan. Lissafin hasumiya ya haɗa har da wannan.

Wataƙila kuma a kan hanya ka gane cewa biyunka suna wani wuri kusa da inda ka zata. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ba masu digiri kaɗai suka tsai da ita ba. Akwai masu awo, da masu walda, da makanikai, da direbobin manyan injuna. Sura ta 3 ta littafin Nehemiya ta jera waɗanda suka gyara garun Urushalima, a cikinsu har da maƙeran zinariya, da masu haɗa turare, da 'yan kasuwa, da 'ya'ya mata na wani shugaba, waɗansu kuma suka gyara sashen da ke daura da gidajensu, aka gama aikin cikin kwana 52. Ƙauyukan Gaya da Ajingi suna bukatar wanda zai gyara famfon burtsatse da ya tsaya, da injin ban-ruwa, da na'urar hasken rana ta asibiti. Wanda ya yi wannan da gwaninta da gaskiya bai binne kome ba.

Ga amsar tambayar da muka fara da ita. Neman abu mai wuya ba girman kai ba ne ga mai matsakaicin ƙoƙari. Abin da ke raba bangaskiya da girman kai shi ne abin da kake ƙauna a cikin burin. Ka tambayi kanka: aikin nake so, ko kuwa a riƙa kirana Injiniya? Mai son suna kaɗai ba ya jure komawa littafin aji biyu, ba ya iya tambayar na ƙasa da shi, kuma shi ne yake sauraron mai rage murya, domin takarda ce bukatarsa. Mai ƙaunar aikin yana karɓar gyara, yana ƙin abin da bai yi guminsa ba, in an rufe masa wannan ƙofa yakan nemi wata da za ta kai shi ga aikin. In ka sami kanka a cikin na biyun, ka yi rajista da zuciya ɗaya, kada ka ji kunyar kowa. Gobe da asuba ka buɗe manhaja, ka fara da batun da ka fi gudu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ne ka raba wa kowa gwargwadon yadda ka san shi. Ka gafarta mini raina abin da ka ba ni, da kishin abin da ka ba waɗansu. Ka ba ni ƙarfin yin aikin yau, ka tsare hannuna daga abin da ba nawa ba. In ka buɗe mini wannan ƙofa, ka sa in zama ma'aikacin da mutane za su kwana lafiya a ƙarƙashin aikinsa. In kuwa ka rufe ta, ka riƙe zuciyata, ka nuna mini inda kake so in yi hidima. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.